Ɗigo Uku a Gindin Ƙota

"Kwance ta, soja. Kwance Baba ya gani."

Mati ne ya yi maganar, yana tsugune a bakin rumfa yana sakace haƙori da tsinke. Rana ta take tsaka, duk mutanen Dayi suna gonakin auduga. Maitama ya dire ƙunshin fata a gaban yayansa, ya warware igiya, bai yarda sun haɗa ido ba.

Malam Aƙilu masassaƙi ya ajiye gizago a hankali.

Bindiga ce ta soja, irin wadda aka riƙa ba su a yaƙin Bama, zamanin yaƙin Hitila. Ƙarfen lafiya lau, ya sha maiko. Amma ƙotar, wayyo! Gara ta yi mata cin tuwo. Da ya taɓa ta da yatsa sai ta zube gari.

"Daga ina?"

"Da ita na dawo, Yaya," in ji Maitama. "Shekara goma sha takwas tana binne."

"Binne a ina?"

Mati ya ƙyalƙyale da dariya. Tsohon karen mota ne a tashar Funtuwa, siriri, bakinsa ya fi jikinsa ƙarfi. A bayansa Ummaru na tsaye, wani ƙato da ya taɓa yin dambe har aka karya masa hanci, shi ba ya magana sai an tambaye shi.

"Gaya masa mana, soja. A ƙarƙashin rumbunka, Baba! Shekara goma sha takwas kana zuba dawa a kan kayan gwamnati. To ga zance: ka yi mata sabuwar ƙota, mu ɗauke abarmu mu yi gaba. Ka ƙi, ni da kaina zan je wurin 'yan doka in nuna musu ramin. Wa zai yarda ba ka sani ba?"

"Me za ku yi da ita?"

"Farautar gada," in ji Mati, ya kashe ido ɗaya.

Ba wanda ya yi dariya. Kowa a ƙasar nan ya san ranar Alhamis motar kamfanin auduga take tasowa daga Funtuwa da akwatin ƙarfe, ta kai wa manoma haƙƙinsu a kasuwannin awo.

Sai na gaya muku ko wane ne Aƙilu, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya same shi ba. Shekara arba'in yana sassaƙa. Ƙotar fartanya, ta garma, ta gatari, taɓarya, muciya. Duk abin da ya gama, sai ya sa ƙusa a wuta ta yi ja, ya ɗiga ɗigo uku a gindinsa. Ubansa ɗigo biyu yake yi, shi ya ƙara ɗaya. A kasuwar Malumfashi manomi ba ya taya ƙota sai ya juya gindinta. In ya ga ɗigo uku, shi ke nan, ba ciniki mai tsawo. Mutumin nan ba shi da shanu, ba shi da gona ta kirki, 'ya'yansa duk mata ne sun yi aure. Ɗigon nan uku su ne abin da ya tara a duniya.

"Ba ni da busasshen itace mai kaurin nan," ya ce. "Kanya ake yi da ita, ko maɗaci. Ga gungumen kanya can, amma makon jiya aka sare shi. Sai ya shekara a inuwa."

"Kwana huɗu."

"Ɗanye ne, yaro. Yanzu zai kama ƙarfen tsam, amma yana bushewa zai motse, ya saki. In ya saki ya tsage."

"Baba, mu ba gadon sarauta muka ce ka sassaƙa ba. Harbi ɗaya ne sama, direba ya tsure, mu kwashe mu fece. Kwana huɗu!"

Suka tashi. Maitama ya tsaya don a gwada shi.

Aƙilu ya karyo kara, ya ce ƙanen ya lanƙwasa hannu. Ya ɗora karan daga cikin gwiwar hannu zuwa gaɓar yatsan da ke jan kunama, ya datse da wuƙa. Haka ake yi wa maharba, kowa da tsawon hannunsa. Hannun Maitama duk ya rame, jijiyoyi sun fito.

"Da furfurarka, Maitama."

"Na gaji, Yaya."

"Kowa ya gaji."

"Kai ka gaji da aikinka. Ni na gaji da gadin shagon wasu. Na je Bama na dawo da zazzaɓi da lambar tagulla. Yaran da aka haifa bayan na dawo su ke aikena sayen taba yanzu. Sau ɗaya ne, wallahi. Ba wanda za a taɓa."

"In asiri ya tonu, ba ka san ni ba."

"Ko wuƙa aka sa mini a wuya."

Aƙilu ya ɗaga ido ya dube shi. Ya san ƙanensa, ba ya rantsuwar banza. Ya ce a ransa, to, zai yi, amma ba zai sa wa abin nan alama ba. Ya fita daga hannunsa kamar ba shi ya yi ba.

Kwana huɗu ya kulle kansa a bayan rumfa. Ya fasa gungumen da gatari, ya bi shi da gizago. Itacen yana ta hawaye, ruwa na tsattsafowa a bakin kayan aiki, shi kuwa yana tsaki. Ya fafe gurbin da ƙarfen zai zauna, ya gwada, ya cire, ya shafa baƙin tukunya a ƙarfen ya sake gwadawa, duk inda baƙin ya taɓa ya rage. Ya huda ramin dogon ƙarfen da ke ɗaure ƙota da jikin bindiga. Ya kankare da fasasshiyar kwalba har ta yi sulɓi. Abin haushi, aikin ya yi kyau. Hannun da ya saba ba ya iya yin mummunan aiki ko da mai shi yana so.

Rana ta huɗu da la'asar ya haɗa ta da ƙotocin fartanya goma sha biyu da zai kai kasuwa, duk ya jera su a kan tabarma ya shafa musu man kaɗanya. Bayansa na ciwo, idonsa na yaji don hayaƙi. Matarsa Tasalla tana ta kira daga cikin gida.

"Malam, furar nan fa ta tsinke! Tun azahar!"

"Ina zuwa."

Ya zaro ƙusa daga wuta. Cus, cus, cus. Ya ɗauki ta gaba. Cus, cus, cus. Ladan ya kira salla, Tasalla ta sake kira, shi kuwa hankalinsa na can kan hannun Maitama da ya rame. Ya bi layin har ƙarshe, ya jefa ƙusar a toka, ya tafi alwala.

Goma sha uku ya ɗiga wa. Wallahi bai sani ba.

Kafin ya idar da salla Maitama ya iso. Shi ma sauri yake yi, ya ɗauki farantin ƙarfen nan da ke rufe gindin ƙota ya kifa, ya ɗaure da ƙusoshinsa biyu, ya naɗe bindiga a fata. Da Aƙilu ya fito, sai sawun keke ya gani a ƙasa.

* * *

Mati ya kai bindigar ɗakinsa a bayan tasha, ɗakin kwano, ya tura ta saman rufi inda zafi ya fi. Alhamis ta farko motar ba ta fito ba, an ce tana gareji. Suka ƙara mako guda. Kwana tara kanyar nan tana gasuwa a ƙarƙashin kwano.

Da safen Alhamis ta biyu Maitama ya jijjiga ta, ya ji tana ƙwas-ƙwas.

"Ta yi lako-lako, Mati."

"Cusa mata tsumma! Kai soja ne ko tela?"

* * *

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da motar ta wuce Bakori. Raufu ke tuƙi, Bayarabe haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Kusa da shi Anthony akawu, akwatin ƙarfe a tsakanin ƙafafunsa. A baya, kan buhunan wofi, Kofur Mudi ɗan doka na gyangyaɗi da kulki a cinya.

"Yau da wuri zan juyo," in ji Raufu. "Matata Kudirat ta kusa. Jiya ko barci ba ta yi ba."

"In namiji ne ka sa masa Anthony."

"Allah ya kiyaye! Ya tashi da rowa?"

Suna cikin dariya suka hau wata 'yar gada. A ƙarshenta ga gungume kwance a hanya.

Raufu ya taka burki — ƙiii!

Mutum uku suka fito daga cikin auduga, fuskoki a naɗe da rawani.

Tau! Harbi ɗaya sama. Tsuntsaye suka watse.

"Kashe mota! Kashe ta, don ubanka!"

Raufu bai kashe ba. Ya jefa giyar baya, mota ta yi gurnani ta fara ja da baya a kan gada.

"Zai tsere! Taya, soja — harbi taya!"

Maitama ya durƙusa da gwiwa ɗaya kamar yadda aka koya masa, ya kafa ƙota a kafaɗa, ya auna tayar gaba. Maharbi ne na gaske, a nisan nan ko ƙwai ba zai kuskure ba. Ya ja kunama.

Tau — ƙaras!

Ƙota ta tsage biyu. Bakin bindiga ya yi tsalle sama, ƙarfen ya dawo baya ya shige masa ƙarƙashin ido. Gilashin mota ya tarwatse. Raufu ya kife a kan sitiyari, ƙaho ya kama kuka bai daina ba.

"Yesu! Raufu! Raufu!"

Ummaru ya finciko Anthony ya watsar a ƙasa, ya sungumi akwati. Kofur Mudi ya diro da kulki, Mati ya tare shi da gora a ƙeya, ya faɗi rub da ciki.

"Mu arce! Tashi, soja!"

Maitama ya tashi yana tangaɗi, hannu a fuska, jini na bin yatsunsa.

Da Mudi ya farfaɗo, abin da ya fara gani a gaban hancinsa guntun itace ne sabo, mai ƙanshin man kaɗanya. Farantin ƙarfen ya fice yana can gefe. Ya juya guntun. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tura shi a aljihun wando.

* * *

Kekunansu uku na ɓoye a wani kwazazzabo. Kafin su kai, Maitama ya faɗi sau biyu. Ummaru ya dire akwati ya ɗago shi.

"Bar shi," in ji Mati.

"A bar shi yaya? Namu ne."

"Ba ya gani! Ka goya shi ka goya akwati? Ba ka jin ihu?"

Ihu kuwa ana yi. Ƙahon motar ya tara mutanen gonaki, ana ta kururuwa daga ƙauye zuwa ƙauye.

"Ni ba na barin mutum," in ji Ummaru. Ya sunkuya zai ɗora Maitama a kafaɗa.

Wannan sunkuyon shi ne na ƙarshe. Mati ya zaro wuƙa ya luma masa a haƙarƙari — sau biyu. Ya ɗaure akwati a bayan keke, ya haye, bai waiwaya ba.

Amma akwatin ƙarfe ba kaza ba ne. Bai yi mil biyu ba ƙafar baya ta lanƙwashe. Ya sauka yana ja, sai ga su ta gabas, ga su ta yamma, manoman da aka yi wa alkawarin biya ran nan, kowa da fartanya ko gatari.

"Ga shi nan! Ɓarawo! A tare!"

"Ku tsaya! Ku tsaya in gaya muku—"

Ba wanda ya tsaya. Lokacin da motar 'yan sanda ta iso daga Funtuwa, Saja Donatus bai sami wanda zai yi wa tambaya ba. Ya sa aka rufa gawar Mati da buhu.

Maitama kaɗai aka ɗauka da rai. A asibitin Malumfashi Saja ya zauna a bakin gadonsa kwana biyu.

"Ƙotar nan sabuwa ce. Wa ya yi maka?"

"Ni."

"An ce yayanka masassaƙi ne."

"Rabona da shi shekara uku. Ni na yi, da wuƙa. Ba ka ga ta fashe ba? Aikinsa ba ya fashewa."

Ranar Asabar da hantsi ya cika, bai sauya magana ba.

* * *

Labarin fashi ya kai Dayi tun ran Alhamis, na rasuwar Maitama kuma ran Asabar. Aƙilu ya yi kukan ƙanensa a bayan rumfa inda ba mai gani. Amma, Allah ya gafarta masa, a ƙarƙashin kukan akwai ajiyar zuciya. Su ukun da suka sani duk sun tafi. Ya cike ramin rumbu, ya ƙone ragowar kanyar. Ba abin da ya rage.

Ran Lahadi da azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Saja Donatus ya fito yana share gumi, ga alama shi ma ya gaji da maganar nan. Kofur Mudi na biye, kai a ɗaure da bandeji, fartanya a hannu.

Mudi ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Kai ne na Tanko, ko?"

"Ni ne, Baba."

"Allah ya jiƙan Tanko. Bai taɓa sayen ƙota a hannun wani ba."

Mudi ya sunkuyar da kai. Kwana uku guntun nan na aljihunsa, kullum ya ce zai jefa shi a rijiya. Amma ran Juma'a shi aka aika ya raka gawar Raufu gida, ya tarar Kudirat ta haihu da asuba. Abin ya tsaya masa a rai, ran Lahadi da safe ya wuce ofishin Saja.

Ya ajiye fartanyar ubansa a kan tabarma, gindi sama. Ya zaro guntun ya ajiye kusa da ita.

Ɗigo uku. Ɗigo uku.

Aƙilu ya ƙura wa guntun ido. Ya tuna la'asar ɗin, da furar Tasalla, da layin ƙotoci. Ya dubi hannunsa na dama kamar na wani.

"Malam," in ji Saja, "ƙanenka ya ce shi ya yi. Ni ban da shaida sai wannan. Me ka ce?"

"Baba," Mudi ya yi saurin cewa, "ƙusa ai kowa na da ita. Kowa na iya ɗiga ɗigo uku. Wataƙila marigayi ya kwaikwaya ne. In ka ce ba naka ba ne, a haka za a rubuta."

Saja ya kau da kai yana kallon kaji. Ƙofar tsira dai an buɗe wa Aƙilu ita, har an riƙe masa labule. Tasalla na tsaye a bakin zaure, hannu a baki.

Aƙilu ya ɗauki guntun. Ya bi shi da babban yatsa, inda ya fafe, inda ya kankare da kwalba, inda kuncin Maitama zai kwanta. Shekara arba'in bai taɓa ɗiga wa aikin wani ba, bai kuma taɓa musun nasa ba. Ko ƙotar da ta karye aka dawo masa da ita, in ya ga ɗigon sai ya sake wata bai ce uffan ba. Ya nemi bakin da zai ce ba nasa ba ne, ya rasa.

"Direban nan," ya ce, "an ce taya aka auna?"

"Haka akawu ya ce."

"Da busasshe ne, da taya ya samu." Ya ajiye guntun. "Aikina ne. Na gaya musu ɗanye ne."

Tasalla ta ɗora hannu a ka. Mudi ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Haba Baba. Haba Baba."

"Bari in ɗauko bargona," in ji Aƙilu.

* * *

To, ga abin da kwana huɗun Mati suka ci. Raufu, da yaron da aka raɗa wa suna ba uba. Ummaru. Mati kansa. Maitama. Anthony ya bar aikin, ya ce ba ya ƙara shiga gaban mota. Manoma an biya su ran Alhamis ta gaba, ko sisi ba su yi asara ba. Aƙilu kuwa alƙali ya ba shi shekara biyar.

Ya fito ran kasuwar Malumfashi, baya ya ranƙwafa. Ba wanda ya tare shi. Ya ratsa ta rumfar maƙera, inda manoma ke kawo fartanya a yi mata baki. Ya hango wata ƙota ya gane ta tun daga nesa, ta itacen marke ce, shi ya yi ta. Ya ɗauka ya juya gindin.

An kankare. Ya ɗauki ta kusa da ita. An kankare. Wata ma an datse gindin gaba ɗaya da zarto.

"Tsoho, saye za ka yi?" in ji maƙerin, wani saurayi da bai san shi ba. "In ɗigon nan kake nema, ba ka samu. Tun shekarar fashin gada kowa ya goge nasa. Wa ke son a gan shi da alamar mai yi wa ɓarayi bindiga?"

"Gaskiya ne," in ji Aƙilu. Ya ajiye.

Ya isa Dayi da la'asar. Rumfa ta rushe, an ɗaure akuya a wurin. Tasalla na daka a tsakar gida, ta ga shi, ta saki taɓarya ta faɗi. Suka gaisa kamar jiya ya fita. Ta kawo ruwa ya sha.

Ya miƙa hannu ya jawo taɓaryar. Ta tsufa, ta yi baƙi don riƙo, ita ce ya yi mata shekarar da ta tare. Ya juya gindin. Suna nan, su uku, ba abin da ya taɓa su.

"Mata sun yi ta cewa in goge," in ji Tasalla. "Har aro suka daina zuwa. Na ce su bari."

Ya daɗe yana shafa su da yatsa.

"Tasalla."

"Na'am, Malam."

"Miƙo mini wuƙa. Ni na ɗiga, ni zan goge."